Tsohon Keken Ɗinki: A Tashe Shi Ya Koma Bakin Aiki

Yau maganarmu a kan wani kaya ce da ke jibge a gidaje da yawa, daga Kano zuwa Damagaram, daga Sakkwato zuwa zangon Kumasi: baƙin keken ɗinkin nan na ƙarfe mai zanen ruwan zinariya a jiki, wanda ko dai uwa ta bari, ko kaka, ko wani tsohon tela da ido ya gaza masa, ko kuwa ɗan'uwa ya ba da shi kyauta don ya tare masa wuri a ɗaki. Duk wanda irin wannan keke ya faɗo hannunsa, hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya tura shi lungu ya mai da teburinsa wurin jera kwanuka, ko ya kira 'yan jari-bola su ɗora a sikeli su biya shi kuɗin ƙarfe, ko kuma ya share shi, ya ba shi mai, ya nemo abin da ya ɓace masa, ya mai da shi bakin aiki. Ra'ayina shi ne hanya ta uku ce daidai a mafi yawan lokuta. Zan kawo hujjojina daga yadda aka ƙera keken da kuma halin da muke ciki, sannan in amsa wa masu ganin akasin haka, domin suna da maganganun da suka cancanci a saurara.

Mu soma da tambayar da ta fi kowace nauyi: me ya sa na'urar da ta shekara sittin ko tamanin za ta iya tashi ta yi aiki? Amsar tana cikin tarihin cinikinta. A Amurka, a shekarar 1846, Elias Howe ya yi rajistar dabarar ɗinki da zare biyu, na sama da na ƙasa, masu sarƙewa a tsakiyar yadi. A 1851 Isaac Singer ya yi rajistar nasa keken, wanda ya fi sauƙin sarrafawa. Amma abin da ya shigar da keke gidajen talakawa dabarar abokin kasuwancinsa ce, lauya Edward Clark, wanda a 1856 ya fito da tsarin a ɗauki keke a riƙa biya kaɗan-kaɗan. To, kayan da za a daɗe ana biyan bashinsa, tilas ya fi bashin tsawon rai, in ba haka ba mai saye ya daina biya. Kayan da kuma za a loda a jirgin ruwa a kai shi ƙauyen Rasha ko na Indiya ko na Afirka, inda babu injiniyan kamfani, tilas ya zama wanda mutum zai kwance da sukudireba ya mayar. Shi ya sa aka zuba gangar jikinsa da baƙin ƙarfe, aka yi sandunan cikinsa da ƙarfe mai tauri, aka kuma huda masa ƙananan ramuka a duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe don a riƙa ɗiga mai. Tun ranar da aka ƙera shi an sa rai za a gyara shi.

Da yawa daga cikin kekunan Singer da suka shigo ƙasashen da Ingila ta mulka sun fito ne daga masana'antar kamfanin ta Clydebank, kusa da birnin Glasgow a Sikotlan. Kamfanin ya fara haɗa keke a Glasgow a 1867, ya koma wannan babbar masana'anta a tsakiyar shekarun 1880, kuma a shekarar 1913 kaɗai ta fitar da keke sama da miliyan 1.3, da ma'aikata kimanin 14,000. Harafin K da ake gani bayan lambar samfuri, kamar 15K ko 99K ko 201K, alamar Kilbowie ce, wato wurin da masana'antar take. Akwai kuma wata doguwar lamba da aka buga a ƙarfen shimfiɗar keken ta hannun dama, wadda da ita ake gane shekarar da aka ƙera shi, don an wallafa jerin lambobin. An rufe masana'antar Clydebank tun 1980, amma kekunanta na nan suna ɗinki a shaguna da gidaje. Wannan kaɗai shaida ce da babu tallan da zai iya bayarwa.

Sai dai ƙarfin jiki shi kaɗai ba ya isa in babu kayan gyara, kuma a nan ne hujja ta biyu take. Samfurin da ya fi shafarmu shi ne mai lamba 15, wanda zubinsa ya samo asali tun 1879. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan suka kwaikwaye shi suka baza shi duniya da sunaye iri-iri. A Indiya kamfanin Usha ya yi irinsa, a birnin Shanghai na ƙasar Sin aka yi Butterfly, wanda babu telan ƙasar Hausa da bai san shi ba. Allurar da aka tsara wa wannan samfuri ita ce har yau allurar yawancin kekunan gida a duniya, haka ma kwarkwaronsa. Ma'anar wannan ga wanda ya gaji keke ita ce, allura, da kwarkwaro, da ƙoshiya, da bel, da 'yar robar da ke juya abin naɗin zare, duk zai same su a rumfunan masu kayan ɗinki, a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari a Kano, ko a kowace babbar kasuwa ta garinsa. Ba kowane ƙarfe ne ke shiga kowane keke ba, akwai samfuran da kwarkwaronsu daban ne, don haka mai hankali kan tafi kasuwa da tsohon a aljihu ya gwada da sabon. Amma da wuya a sami wata na'ura mai shekaru irin nasa da kayan gyaranta ke kusa da hannu haka.

Idan aka ce tsohon keke ya mutu, sau da yawa ƙishirwar mai ce ta kama shi. Man da aka zuba masa shekarun baya yakan bushe, ya haɗu da ƙurar hunturu da burbushin yadi, ya daskare kamar ƙaro, ya riƙe sandunan ciki har wilin ya ƙi juyawa. Kuskuren farko da ake yi shi ne a sa ƙarfi a murɗa, kuma a nan ake karya abin da shekaru ba su karya ba. Abin da ya kamata shi ne a cire allura da kwarkwaro da ƙoshiya, a kwance farantin da ke ƙarƙashin allura, a share dattin da ya cushe tsakanin haƙoran da ke jan yadi, a kwantar da kan keken baya a duba cikinsa. Sai a ɗiga kananzir kaɗan a kowace mahaɗa, a bar shi ya kwana, a riƙa motsa wilin gaba da baya a hankali har ya saki. In ya saki a goge kananzir ɗin, a bi kowane rami da ɗigon man keke, farin nan marar kauri. Man gyaɗa da manja ba na keke ba ne, don sukan yi danƙo su sake liƙe shi, baƙin man mota kuwa ya yi kauri, ga ɓata yadi. Jikin keken ma da man keke da tsumma mai laushi ake goge shi, domin sifirit da ruwan omo na cinye fentin sama su dusashe zanen zinariyar.

Bayan nan sai batun ɗinkin kansa. Sabuwar allura ta fi komai arha, ta kuma fi komai magance matsala, amma a lura da gefen da aka baje a gindinta, don kowane samfuri da inda yake fuskanta, kuma allurar da aka sa a juye ita ke sa keke tsallake ɗinki ko tsinke zare. In zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, mutane sukan ɗora wa kwarkwaro laifi, alhali galibi matsalar ta zaren sama ce: ko ba a bi da shi ta hanyarsa ba, ko abin da ke matse shi ya yi sako-sako, ko datti ya shiga tsakanin faya-fayensa. Bel ɗin fata da ya saki ana rage masa tsawo ko a sa sabo. Duk wannan aiki ne da mace ko namiji mai haƙuri zai yi a tsakar gida. Abin da ya wuce nan, kamar daidaita lokacin da ƙugiyar ƙasa ke cafke zare daga allura, ko sauya sandar allurar da ta lanƙwashe, na makanikin keke ne. Kuma kai masa aikin riba ce ta biyu. Waɗannan mutane da ke zaune a lungunan kasuwa, masu gane ciwon keke daga ƙararsa, iliminsu a hannu yake, daga maigida yake zuwa wurin yaronsa. Duk keken da aka fasa aka auna a sikeli, an rage musu abinci, an kuma rage wa yaran nasu abin koyo.

Hujja ta gaba kowane mai sana'a a ƙasashenmu ya san ta ba sai an gaya masa ba, wato wuta. Keken ƙafa da keken hannu ba su jiran kowa. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da ɗinkin Sallah ya taru, tela mai keken lantarki yana tsakanin jiran a kawo wuta da sayen man janareta, mai keken ƙafa kuwa fitila kaɗai yake bukata. Matar aure a cikin gidanta, ko a ƙauyen da turakun wuta ba su kai ba, tana iya ɗinka kayan yara, da hijabi, da zanen gado, da labule, ta yi faci, ta rage faɗin riga, ta sami na cefane da na adashi ba tare da ta fita ba. Samarin nan da ke yawo da kan keken hannu a kafaɗa suna kaɗa almakashi a titunan Legas da Abuja da Fatakwal, dukan jarinsu shi ne irin wannan ƙarfe da wasu ke kira bola. Gargaɗi ɗaya ne a nan. Wasu tsofaffin kekuna sukan zo da ƙaramin injin lantarki a maƙale, kuma wayoyinsa sukan bushe su tsattsage. Wanda aka yi don Amurka ma wutarsa mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120 ce, tamu kuwa 220 zuwa 230. Kada a jona irin wannan sai mai gyaran wuta ya duba, in kuwa da shakka a cire injin a mai da keken na hannu ko na ƙafa.

Yanzu bari mu saurari masu ja. Na farko zai ce: wahalar me, tunda ga sabo a kasuwa, mai kwali da takarda? Amsata ita ce a yi lissafi. Wanda ya riga ya mallaki tsohon keke, kuɗin gyara kaɗai zai kashe, kuma galibin abin da za a saya ƙananan kaya ne da ladan makaniki. Sabon keken gida na zamani kuwa, musamman mai arha, akan sami giyar roba a cikinsa, wasu kuma da allon lantarki, waɗanda in suka lalace ba lallai a sami madadinsu a kasuwarmu ba. Amma gaskiya ta wajaba a faɗa: ba kowane tsohon keke ne ya cancanci gyara ba. In gangar jikin ta tsage, ko babbar sandar ciki ta lanƙwashe, ko tsatsa ta ci ta har ta rarake don ya daɗe cikin ruwan damina, ko kuwa wani baƙon samfuri ne da ba a samun allurarsa, to a haƙura. Ko a nan ma, gara a kai wa makaniki ya cire sassan da ke da rai ya ceci wasu kekunan da su, kafin a kai saura sikeli. Abin da nake ƙi shi ne a yanke wa keke hukunci tun ba a ɗiga masa mai ba.

Na biyu zai ce: ai wannan miƙaƙƙen ɗinki kaɗai ya iya, ba ya surfani, ba ya ƙulle bakin yadi, ba ya ramin maɓalli, kuma bai kai keken masana'anta gudu ba. Duk gaskiya ne. Amma a ɗauki riga ko wando ko zane a duba da kyau, za a ga mafi yawan aikin da ya haɗa su miƙaƙƙen ɗinki ne. Tsarin sana'ar ma a garuruwanmu da ma a rarrabe yake: tela ya haɗa riga, ya aika wurin mai surfani, ya aika wurin mai ramin maɓalli, kowa ya ci nasa. Ba a bukatar mai fara sana'a ya mallaki kowace na'ura. Game da gudu kuwa, wanda ke ɗinka rigunan makaranta ɗari-ɗari lallai keken masana'anta ya dace da shi, ba na musu. Amma ga mai koyo, rashin gudun nan alheri ne, don ƙafarsa ce ke mulkin allura, yana ganin kowane ɗinki yana sauka, hannunsa na faɗawa kafin ya hau na'urar da ke iya huda yatsa cikin ƙiftawar ido. Ɗinkin tsohon keken da aka daidaita da kyau kuma, ko a kan shadda ko a kan kaki mai kauri, ba ya jin kunyar a jera shi da na kowace na'ura.

Na uku ra'ayinsa daban ne. Shi cewa zai yi kada a taɓa, a ɓoye, wai dukiya ce da wata rana Turawa ko Larabawa za su saya da tsada. Wannan tunani ya taɓa jefa mutane cikin asara. A watan Afrilun 2009 jita-jita ta bazu a Saudiyya cewa tsofaffin kekunan Singer na ɗauke da wani sinadari da ake kira jar zaiba. Farashi ya yi tashin gwauron zabo har aka ba da rahoton ana neman riyal 200,000 a kan keke ɗaya, mutane na kara wayar hannu kusa da allura wai in layi ya yanke to akwai sinadarin, har aka fasa shagunan teloli aka yi sata. Hukumomin ƙasar suka fito suka ce damfara ce, kuma damfarar ce, babu wani sinadari a cikin keke sai ƙarfe da mai. Masu tara kayan tarihi ma abin da ya yi ƙaranci suke biya da tsada. Akwai 'yan samfura da ake nema, kamar ɗan ƙaramin 221 da aka fara fitarwa a 1933, amma na'urar da aka ƙera miliyoyinta ba ta zama abin nema don ta tsufa kawai. Darajar keken da ke ɗakinka tana cikin abin da zai ɗinka, kuma ajiya ba ta ƙara masa komai sai tsatsa.

Na huɗu shi ne wanda maganarsa ta fi taɓa zuciya. Zai ce: na mahaifiyata ne, Allah ya ji ƙanta, ba na so kowa ya hau. Wannan ƙauna ce, kuma ba a raina ta. Sai dai akwai abu biyu. Na ɗaya, keken da mamaci ya bari yana cikin gado, haƙƙin magada ne baki ɗaya. Kafin wani ya ɗauka, ya kamata a yi masa kuɗi a sa shi cikin kason wanda zai yi aiki da shi, ko sauran su bar masa da yardarsu, in kuma akwai marayu ƙanana a kiyaye rabonsu. Keken da aka ɗauka ba a warware wannan ba yakan zama sanadin gaba tsakanin 'yan'uwa. Na biyu, baiwar Allah nan da ta saye shi, ko iyayenta suka sa mata cikin kayan ɗaki, don aiki ta riƙe shi, wataƙila da shi ta ɗinka wa 'ya'yan nata kayan Sallah ta biya musu kuɗin makaranta. Idan jikarta ta koyi sana'a a kansa ta ci halal, ko aka ba wata bazawara mai marayu ta riƙe kanta da shi da niyyar ladan ya kai ga mai shi, wannan ya fi kusa da girmama ta fiye da a bar shi gara na cin teburinsa.

Abin da ya rage shi ne mu ɗaga maganar daga gida ɗaya zuwa al'umma. A Ingila akwai wata ƙungiyar agaji mai suna Tools for Self Reliance, kusa da birnin Southampton, wadda masu aikin sa-kai ke tattara mata tsofaffin kekunan ɗinki da kayan sana'a, su gyara, a aika wa masu koyon sana'a a ƙasashe irin su Gana da Saliyo da Yuganda da Malawi da Zambiya. Tarayyar Turai kuma a 2024 ta amince da dokar da ke ƙarfafa haƙƙin mai saye na a gyara masa wasu kayan amfanin gida maimakon ya jefar. Wato waɗanda suka fi mu kuɗi sun fara dawowa kan abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, cewa da tsohuwar zuma ake magani. A wurinmu kuwa, gwamnatoci da 'yan siyasa sukan raba sababbin kekuna da sunan tallafi, abu ne mai kyau, amma da wuya a ji an ware wani abu don gyaran waɗanda ke kwance, ko don horar da matasa gyaran keke. Cibiyoyin koyar da mata sana'a, da makarantun Islamiyya, da ƙungiyoyin teloli, da kwamitocin unguwa, suna iya yin shela a kawo kekunan da ba a amfani da su, a ɗauko makaniki ya duba su, a raba wa waɗanda suka kammala koyo. Kuɗin sabon keke guda zai iya tayar da tsofaffi da dama.

Saboda haka, malam ko malama mai sauraro, in akwai irin wannan keke a hannunka, ga shawarata. Ka warware batun mallakarsa da 'yan'uwa. Ka share shi, ka ba shi kananzir da man keke da haƙuri, ka sa masa sabuwar allura, abin da ya gagare ka ka kai wa makanikin keke. In ya tashi, ka hau, ko ka zaunar da 'yarka ko ɗanka su koya. In babu mai bukata a gidanka, a unguwarku akwai, ka neme ta ka ba ta aro ko kyauta. Ka kuma riƙa rufe shi daga ƙura da danshi, kana ba shi mai a kai a kai, don ya kai ga wanda zai karɓa bayanka. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ji ƙan magabatanmu.